Kujerar Mai Tuwon Tasha

Wata ganga ce ta hana ni barcin rana kwanakin baya, ganga mai nauyi wadda ba irin ta mutanenmu ba, kuma daga wayar jikata take fitowa. Yarinyar nan tana zaune a wurina nan Samaru saboda karatun jami'a, kuma in ka ɗebe karatun, ba abin da ta sa a gaba sai finafinan mutanen Koriya. Ni dai ban taɓa gane kansu ba: maza da gashi har gadon baya, kowa na durƙusa wa kowa, an jima kaɗan a fashe da kuka. Amma ran nan gangar ta ƙi ƙarewa, sai na taso da niyyar faɗa, na leƙa ta bayan kafaɗarta.

Wasu dattawa na gani cikin manyan riguna, suna ɗauke da ƙananan allunan katako, suna tafiya a hankali kamar masu dakon ƙwai. Na tambaye ta ko jana'iza ce, ta ce a'a, naɗin sarauta ne. Wai mutumin da ya kafa wannan gidan sarauta ba ɗan sarki ba ne, ƙarfinsa ne ya kai shi. Da ya hau gado sai ya waiwaya baya, ya naɗa ubansa da kakanninsa sarakuna har hawa huɗu, matansu kuma, iyayen da suka haifi zuriyar, ya mai da su sarauniyoyi, alhali dukansu sun daɗe da zama ƙasa. Sababbin sunayen ne aka rubuta a allunan, za a kai su ɗakin da aka gina musu. Ta ce ba ƙagen 'yan fim ba ne, ta bincika, haka aka yi a tarihinsu. Sannan ta kwashe da dariya, ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, me sarauta za ta ƙara wa matar da ta mutu ba ta ma san za a yi ba.

Na buɗe baki zan ba ta amsa, na ga idonta ya riga ya koma kan waya. To, mai kallo ba ya jin kira. Ku zan ba amsar, tunda ku kun zauna.

A Sabon Gari aka haife ni, a wani gida da ke bayan PZ, kusa da layin dogo, yadda in jirgin kaya zai wuce sai kwanukan jeren Inna, mahaifiyata, sun yi ta kaɗawa. Unguwar kowa da kowa ce. Dama da mu wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, hagu kuma wani tsoho mutumin kudancin Zariya, Kirista, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe ya koma kiwon talotalon da suka addabi yaran layinmu. Da safe ƙamshin ƙosai da hayaƙin gawayin masu guga, da rana ƙarar kekunan ɗinki, da yamma jiniyar masana'antun Chikaji in an tashi ma'aikata. Babana tela ne, yana da shago a PZ, ni kuwa a ɗakin mahaifiyarsa na tashi, wadda muke kira Kaka.

Doguwar mace ce Kaka, siririya, hannunta kullum yana ƙamshin daddawa, kuma magana sai ta auna ta kafin ta fitar. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a bakin ƙofarta, ni za ta duba ta ce, gaya wa babanki kaza. Shi kuma ya amsa, ni in maimaita mata kamar ba ta da kunne. Tun ina ɗaukar abin wasa har ya zame mini aiki, kuma in na ga dama ina ƙara wa saƙon gishiri, musamman in akwai abin da nake so a saya mini.

Uwar Kaka ban gan ta ba, ko Baba da ƙyar yake tuna fuskarta. Daga wani ƙauye na bakin layin dogo ta zo bayan mijinta ya rasu, gona ta koma hannun danginsa. Ta sauka a tashar jirgi riƙe da hannun 'yarta ɗaya tilo, ta duba gabas da yamma ba ta san kowa ba, sai ta jera duwatsun murhu a gindin wani durumi ta ɗora tukunya. Tuwon dawa da miyar kuka, wani lokaci kuɓewa. Leburorin da ke lodin gyaɗa da auduga, masu zuba wa jirgi kwal, 'yan dako, duk a wurinta suke ci. Ta iya Yarbancin ciniki, ta iya buroka, ta iya tsawata wa ƙato ya shiga taitayinsa. Kaka ta ce in maniyyata suka sauka a tashar, masu bin jirgi zuwa gabas kafin su kama hanyar mota da ƙafa, uwarta ba ta karɓar kuɗinsu. Sai ta cika musu kwano, ta ce in sun isa su gaishe mata da Ma'aiki. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa wuce inda layin dogo ya yi kwana ba.

Mai Tuwon Tasha ake ce mata. A Sabon Gari suna ne kawai, kamar a ce mai goro ko mai kalanzir. Amma ku ƙetara zuwa cikin Birni ku ji yadda ake furta shi. Mace ba miji, a bariki, tana zuba wa maza tuwo tana musayar magana da su. Ba sai an ƙarasa zancen ba, kowa ya san abin da ake nufi. Ba wanda ya taɓa kama ta da komai, amma bakin mutane ba ya jiran shaida. Kakana namiji kuwa ɗan gidan malamai ne na cikin Birni, yana aikin akawu a wurin awon auduga. Cin tuwo ya kai shi gindin durumin, ya ga 'yar mai tuwo, shi ke nan. Danginsa sun zo biki, amma da baki a karkace suka zo, kuma a haka suka zauna har ya rasu, tun kafin a haife ni.

Wadda ta riƙe wannan karkatar baki ita ce ƙanwarsa, muna ce mata Goggon Birni. Ta je Makka tun da daɗewa, ta sa haƙorin zinariya, kuma ban taɓa ganin mai dariyar da ba ta kai zuci ba irinta, don dai haƙorin ya sha iska. Ba ta zagi, Allah ya sani. In ta zo gidanmu aka kawo abinci, sai ta kai loma ta gyaɗa kai ta ce ai dole tuwo ya yi daɗi, gado ba karambani ba. In na yi tuntuɓe a karatun allo a gabanta, sai ta ce a bar yarinya, jinin tasha ne ya rinjayi na zaure. Mata su yi 'yar dariya a cikin mayafi, Kaka kuwa ta ci gaba da abin da take yi kamar da bango ake. Ni abin yana ƙona mini rai, har nakan tambaye ta me ya sa ba ta ramawa. Sai ta ce in je in wanke kwanuka.

Sai Allah ya buɗa wa Baba. Ya samu kwangilar ɗinka kakin ma'aikatan wasu masana'antu na Chikaji, ya ƙara kekuna, ya ɗauki yara. Shekarar farko da ya samu hali, Kaka ya so ya tura Makka, amma ta ce in gaya masa ƙafarta na ciwo, shi ya fara zuwa ya gano hanya. Har ɗingishi ta yi ta yi a tsakar gida. Ya je ya dawo, ya zama Alhaji. Da aka kwana biyu, wata bazara da mangwaro ya cika kasuwa, zafi ya hana kowa sakat, sai ga shi ya shigo da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce ya biya mata kujera, bana ba fashi. Ta dube ni ta ce in gaya wa babana Allah ya yi masa albarka.

Kafin magariba labari ya gama layi. Mata suka yi ta shigowa barka, Bayarabiyar nan har da rawa a tsakar gida. Baba ya zauna da kansa ya ɗinka mata fararen kaya, bai bar wa yaran shago ba. Ni kuwa ba a magana. Duk 'yan ajinmu sai da suka san kakata za ta hau jirgin sama, kuma na riga na yi rabon tsarabar da ba ta zo ba: wannan dabino, wannan zobe, ni kuma 'yar kyamarar nan ta roba da ake leƙawa a ga hotunan Ka'aba. Goggon Birni ma ta zo barka. Ta ce ikon Allah sai kallo, yau 'yar Mai Tuwon Tasha za ta tashi daga tashar ƙasa zuwa ta sama.

Kaka ta bari sai da ta tabbata an gama biyan komai, ba sauran ja da baya. Sannan wata safiya ta aike ni in kira Baba kafin ya fita shago. Ya zo ya durƙusa, ni kuma na gyara tsayuwa a tsakaninsu ina jiran aikina. Ran nan ba ta dube ni ba. Shi ta duba, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Kujerar nan tawa ce?"

"Taki ce, Iya."

"To tunda tawa ce, na bayar. Ka je ka yi wa uwata."

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce ta yi wa Allah ta je bana, in ya so baɗi shi ya koma ya yi wa tsohuwa nata. Ya ce shekarunta sun ja, ba a san abin da gobe za ta haifa ba. Ta ce ai shi ya sa.

"Baɗi ta Allah ce. Ni ba zan amsa Hajiya ba, uwata na kwance ana ce mata Mai Tuwon Tasha."

Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya ɗauko limamin unguwa. Liman ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki, Kaka na bayan labule. Ya yi mata nasiha mai kyau, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce yi wa mamaci aikin Hajji ya halatta ga wanda ya riga ya yi nasa, kuma ana sa ran lada ya isa. Amma mai rai ya fi buƙatar ya sauke nasa. Sannan ya ce in don suna ne, wannan Hajiya da Alhaji ba su cikin littafi, al'ada ce, kuma shi bai taɓa jin an kira mamaci Hajiya don wani ya je a madadinsa ba. Kaka ta saurare shi har ya kai aya.

"Malam, lada na Allah ne, ya san inda zai kai shi. Ni a bakin mutane aka ɓata mini uwa, a bakinsu nake so a gyara ta."

Liman ya tambaye ta ta yaya za ta sa mutane su canza sunan da suka saba da shi tun kafin a haifi ɗanta. Ta ce Allah ba ya rasa hanya, ta ce in kawo wa Malam ruwa.

Na yi fushi da ita, fushi na gaske. Na daina matsa mata ƙafa, na kwashe tabarmata na koma ɗakin Inna. Ga kunyar 'yan ajinmu, ga dariyar mutanen Birni da ta fara isowa, don an ce Goggo ta ce a je a dawo, su dai Mai Tuwon Tasha suka sani. Kaka ba ta lallashe ni ba. Tsokanata ma ta riƙa yi, wai mai kukan dabino, ai ko wa ya je dabino zai zo. Wata rana na shiga ɗaukar wani abu na tarar ta fito da fararen kayan nan daga akwati, ta shimfiɗa su a cinya tana shafawa. Na tsaya, na tambaye ta da gatse ko dama ba ta son ganin Makka ne. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ina so kamar raina zai fita."

Daga ranar na mai da tabarmata ɗakinta. Ban gane komai ba tukuna, na dai ji tsoron girman abin da ta bayar, kuma na ji tausayinta har cikin ƙashina.

A lokacin Inna tana da juna biyu, kuma Kaka ta ɗauki kula da ita kamar ba ta taɓa ganin mai ciki ba. Ta hana ta daka, ta hana ta jan ruwa a rijiya, ta karɓe girki gaba ɗaya. Damina ta sauka, layinmu ya zama taɓo, gyaɗa ta fara shigowa kasuwa ɗanya, sannan ranar tafiyar Baba ta zo. Kaka ba ta raka shi ko zaure ba. Da ya durƙusa sallama, ta koma ga tsohuwar al'adarta, ta dube ni.

"Gaya wa babanki, in ya isa Madina ya ce Mai Tuwon Tasha ce ta zo. Gaisuwar da ta yi ta aikawa, yau ta kawo da kanta."

Ban ma kai ga maimaitawa ba. Baba ya ce ya ji.

Ya je ya dawo lafiya, aka yi ta guɗa, aka raba Zamzam a 'yan kofuna. Tsohon reluwen nan maƙwabcinmu ya dogaro sanda ya shigo, shi da ba ya shiga gidan kowa. Ashe tun yana saurayi lebura a tasha ya ci tuwon tsohuwar, kuma a duk layin shi kaɗai ya san ta sosai ban da Kaka. Ya tambayi Baba ko ya kai ta. Baba ya ce ya kai ta. Tsoho ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce madalla, ya juya.

Amma fa maganar Liman ta fito. Duk wanda ya zo sannu da zuwa, abin da yake faɗi shi ne an yi wa Mai Tuwon Tasha aikin Hajji, Allah ya karɓa. Sunan da aka so a binne sai ya ƙara tashi, har waɗanda ba su taɓa jin sa ba suka koya. Na riƙa satar kallon Kaka ina cewa a raina, shi ke nan, ba tsuntsu ba tarko. Ita kuwa ko a jikinta, tana ta tankaɗen garin kunu.

Da damina ta wuce kaka ta shigo, rake da dankali suka cika bakin titi, Inna ta sauka. Kaka na tsaye a ƙofar ɗakin, da ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, sai na ji guɗa ta tsaga gidan. Na waiga in ga wace ce, ashe Kaka ce. Ban taɓa jin ta yi guɗa ba, kuma ban sake ji ba.

Kun dai san al'adarmu. In aka yi wa iyayen gida takwara, ba mai kiran jaririn da sunan yanka, kunya ba ta bari. Sai a kira shi da abin da ake kiran mai sunan. A danginmu kuma babbar goggo ce ke fara karɓar jariri ranar suna a gaban mata, ita ke furta laƙabin, kowa ya bi. Da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, aka sa wa yarinya sunan uwar Kaka. Ranar na fara jin sunan matar nan na gaskiya, kuma ko yanzu ba zan faɗa muku shi ba.

Da yamma gida ya cika maƙil, mutanen Birni a gefe guda cikin manyan mayafai, na Sabon Gari a ɗaya gefen. Baba ya so a yi shinkafa, Kaka ta ce tuwon dawa da miyar kuka za a yi, kuma ita ta tuƙa shi da hannunta. Aka shimfiɗa wa Goggon Birni darduma a tsakiya, ta zauna ta ce a miƙo mata yarinyan, da Zazzagancinta na cikin ganuwa. Aka miƙa mata. Sai Kaka ta fito daga madafa, hannunta duk gari, ta tsaya a kanta.

"Hajiya, ga uwata nan a hannunki. Me za mu riƙa ce mata?"

 A nan ne kan kowa ya waye, har da nawa. In Goggo ta kira sunan yanka a gaban Kaka, ta nuna ba ta da tarbiyya, ita da kullum take taƙama da gidan da ta fito. In ta ce Mai Tuwo ko 'Yar Tasha, to jikar wanta ta liƙa wa, jininta, kuma sunan zai bi yarinyar har ɗakin miji, a ce daga bakin Goggo ya fito. Saura suna ɗaya, kuma duk wanda ke wurin ya san wane ne, tunda a gabansu Baba ya je ya dawo.

Goggo ta sunkuyar da kai tana kallon jaririyar. Ta gyara mata zane, ta sake gyarawa, ta shafa mata kai. Na ga haƙorin zinariyar ya ɓuya, leɓe ya rufe shi. Mace ce mai wayo, ta san an ci ta, kuma in faɗi gaskiya, ta san yadda ake faɗuwa da mutunci.

"Me kuwa za a ce mata? Hajiya ne." Ta ɗaga jaririyar sama kaɗan. "Hajiya, sannu da hanya."

Guɗa ta ɓarke ta ko'ina. Kaka ta juya ta shige ɗakinta, na bi ta. Ta ce in tura ƙofa. Ina turawa sai tsohuwar nan ta ɗaure zane ta taka rawa, ita kaɗai a tsakar ɗaki, ba kiɗa, hawaye na zuba tana murmushi. Da ƙafar nan take takawa, wadda aka ce ciwonta ya hana ta zuwa Makka shekarun baya. Sai a lokacin na gane ƙafar lafiyarta lau tun farko. Ta san ba a yi wa wani aikin Hajji sai wanda ya yi nasa, shi ya sa ta tura Baba gaba. Na tambaye ta da namiji aka haifa fa? Ta ce da sai mu jira na gaba, ita ba ta gaggawa.

Sauran aikin bakin mutane ne ya ƙarasa shi da kansa. Jaririya ta zama Hajiya Ƙarama, kuma duk wanda ya ce ƙarama ya yarda akwai babba. Kafin yarinyar ta fara tafiya, in za a yi zancen tsohuwar sai a ce marigayiya Hajiya Babba, har a cikin Birni, har a bakin Goggo. Yaran da aka haifa bayanmu ba su ma san an taɓa kiran ta da wani suna ba. Shi sarkin Koriya yana da gadon mulki da masu rubuta masa alluna. Kakata kujera ɗaya gare ta da jaririya, kuma da su ta naɗa uwarta, a gaban waɗanda suka raina ta, da bakinsu. Ina alfahari da wannan fiye da duk wata takardar shaida da na taɓa karɓa. Ƙanwar tawa tana nan da ranta a Chikaji, ta yi jikoki, Hajiya tun tana kwana bakwai, kuma har yau ko tsanin jirgi ba ta taɓa takawa ba. In na tsokane ta sai ta ce ita gado ta ci.

Baɗin da Baba ya yi alkawari ba ta zo ba. Masana'antun Chikaji suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, kwangila ta tsaya, kuɗin kujera kuma ya yi tashin gwauron zabi. Ya sayar da kekuna har saura wanda yake takawa da kansa. Kowace shekara in maniyyata suka fara shiri sai ya rasa sukuni, ita kuwa Kaka ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya ban ji ta yi da-na-sani ba. Wata damina ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki ta cika. Masu zuwa ta'aziyya suna cewa Allah ya jiƙan 'yar Hajiya Babba, kuma na san da tana ji, wannan ya ishe ta. Shi Baba bai ishe shi ba. Ya rayu bayanta da abin a ransa, bai samu komawa ba, kuma a ciwonsa na ƙarshe ni ya kira ya gaya wa, wataƙila don ni ce na saba kai saƙo tsakaninsu.

Yau sunan ya yi araha. Duk macen da ta yafa mayafi mai kyau Hajiya ce a bakin mai shago, in ta yi ƙiba ma Hajjaju. Ɗalibai 'yan mata a nan Samaru suna kiran junansu da shi suna shewa. Ba na jin haushinsu, ba su san abin da wata ta biya a kansa ba. Amma nakan yi tunanin cewa a duk Zariya, kakata ce kaɗai tsohuwar da ba a taɓa ce wa Hajiya ba, ko da kuskure, don kowa ya san labarinta, ba mai iya yi mata ƙarya.

Da na ajiye aikin koyarwa, Allah ya nufa na samu kujera. Na bi malamai ina tambaya ko akwai hanyar da zan fara yi wa Kaka nata, kowa ya ce a'a, sai na sauke nawa tukuna. Na je na yi, na ga abin da ta so gani kamar ranta zai fita, na yi kuka a wurin har wata Baturkiya ta dafa ni. Da na dawo na tara 'ya'yana da maƙwabta na ce kowa ya ci gaba da kira na Malama kamar da. Sun ɗauka tawali'u ne, har ana yabona a unguwa. Ba tawali'u ba ne. Girman kai ne tsagwaronsa, kuma na san inda na samo shi.

Gwiwoyina sun fara ba ni labari, likita ma ya yi nasa gargaɗin, kujera kuma kullum ƙara nisa take. Ban sani ba ko zan koma in yi wa Kaka nata. Ina dai shiri, kuma ban yi wa kowa alkawarin baɗi ba.

Shekaranjiya na fito zan je Sabon Gari, ina tsaye a bakin titi, wani mai Keke ya tsaya yana ta kira, Hajiya, PZ ne? Hajiya? Na yi kamar ba da ni yake ba. Da ya gaji ya ce Mama, sai na shiga. Mun yi nisa yana leƙena ta madubi, can ya kasa haƙuri ya ce shi fa ya san ni, ƙaninsa ɗalibina ne, kuma har gidansu aka kai dabinon da na kawo daga Makka. Me ya sa ya kira Hajiya ban amsa ba?

Na ce masa, "Ɗana, akwai wadda ke gabana, ba a kira ta ba tukuna."